Uzziya, Sarkin da Ya Kuturce

Uzziya yana da shekara 16 ya ci sarautar Yahuza, ya yi mulki shekara 52. Mai son noma ne, ya haƙa rijiyoyi domin garkunansa. Da ya ƙasaita, girman kai ya kai shi cikin Haikali zai ƙona turare, aikin firistoci. Azariya da firistoci 80 suka tare shi. Yana cikin fushi, kuturta ta fito masa a goshi.

Mu a Safo mun san Danja, inda kuturu yake samun magani. Firist kuwa ba ya magani, dubawa ce tasa. Ko mutum ya warke, ba ya komawa gida sai firist ya shaida. Uzziya bai sami wannan shaida ba. A keɓe ya zauna har ya mutu, ɗansa Yotam yana riƙon ƙasar.