Albert Coons

Albert Hewett Coons (an haife shi a ranar 28 ga watan Yuni, 1912, ya mutu a ranar 30 ga watan Satumba, 1978) likita ne kuma mai bincike ɗan ƙasar Amurka. An san shi da ƙirƙiro hanyar gano furotin a cikin ƙwayoyin halitta ta amfani da rini mai ƙyalli, wadda ake kira imunofuloresans.

Farkon rayuwa da karatu

An haifi Coons a garin Gloversville da ke jihar New York. Ya kammala Kwalejin Williams a shekarar 1933, sannan ya samu digirin likitanci a Jami'ar Harvard a shekarar 1937.

Bincike

Abin da ya ja hankalinsa shi ne zazzaɓin rumatik, wanda ke lalata gaɓoɓi da zuciya. Ya so ya gano ko akwai ɓurɓushin ƙwayar cuta a wuraren da suka lalace, amma madubin likita na lokacin ba ya bambance wannan furotin da wancan. Sai ya yi tunanin amfani da antibodi, wato furotin na garkuwar jiki wanda ke manne wa abu ɗaya tak. Idan aka liƙa masa rini mai ƙyalli, duk inda ya manne zai haskaka a ƙarƙashin madubi.

A shekarar 1941 shi da Hugh Creech da Norman Jones suka nuna cewa antibodi na ci gaba da aikinsa bayan an liƙa masa rini. Rinin farko yana ba da haske shuɗi, wanda ke sajewa da hasken da naman jiki ke fitarwa da kansa, don haka suka koma ga fuloresin mai haske kore. A 1942, tare da Ernst Berliner, suka gano sinadarin ƙwayar cutar nimoniya a jikin ɓerayen da suka kamu.

Yaƙin Duniya na Biyu ya katse aikin, inda ya yi aikin likitan soja a yankin Fasifik. Bayan ya koma Harvard, shi da abokan aikinsa suka nuna a 1955 cewa ƙwayoyin filasma ne ke samar da antibodi.

Karramawa da mutuwa

Ya samu lambar yabo ta Lasker a 1959. Ya mutu a Brookline, jihar Massachusetts, yana da shekara 66. Har yau ana amfani da hanyarsa wajen gano ciwon haukan kare da wasu cututtukan ƙoda da na fata.