Dick Tiger: Gajeren Ɗan Damben da Ya Ci Kambun Duniya

A wannan makon mun kawo muku tarihin wani ɗan Nijeriya da ya yi suna a damben zamani. Sunansa na yanka Richard Ihetu, amma duniya ta san shi da Dick Tiger. An haife shi a shekarar 1929 a garin Amaigbo, wanda yanzu yake cikin Jihar Imo. Iyayensa ba masu hali ba ne. Tun yana yaro ya tafi Aba neman abin kansa, kuma a can ya koyi dambe.

A shekarar 1955 ya tafi birnin Liverpool na ƙasar Ingila. Da farko abin bai yi masa daɗi ba, domin an cinye shi sau huɗu a jere. Wani da ya tattara kayansa ya dawo gida. Shi kuwa ya daure ya gyara salonsa, har ya ci kambun ƙasashen rainon Ingila a 1958. Daga nan ya wuce Amurka.

Tiger gajere ne kakkaura, tsayinsa kamar santimita 173. Idan aka buga ƙararrawa ba ya ja da baya. Yakan matsa wa abokin karawarsa lamba, amma da idonsa a buɗe. Sai mutum ya kai duka ya bar kafa, sannan ya sakar masa hannun hagu. A wajen fage kuwa mutum ne mai sanyin hali.

A 1962 ya doke Gene Fullmer a San Francisco, ya zama zakaran duniya a ajin matsakaicin nauyi, wato waɗanda ba su wuce kilo 72 da rabi ba. A watan Agusta na 1963 suka sake haɗuwa a filin wasa na Liberty da ke Ibadan. Bayan turmi na bakwai Fullmer ya kasa ci gaba.

A 1966 abubuwa biyu suka faru da ya kamata mu lura da su. Na farko, Emile Griffith, wanda ya taso daga ajin da ke ƙasa da na Tiger, ya ƙwace kambunsa da zafin nama. Na biyu, Tiger ya hau aji na gaba, na masu kilo 79, ya doke José Torres wanda ya fi shi nauyi, ya sake zama zakaran duniya yana da shekara 37. Kun ga a shekara ɗaya ƙarami ya ci shi, shi ma ya ci babba.

To amma gaba da gabanta. A 1968 ya haɗu da Bob Foster, dogo mai kusan santimita 191. Hannun Foster yakan isa Tiger tun kafin ya matso kusa. A turmi na huɗu ya kai shi ƙasa, alƙali ya ƙirga goma. Ashe ba a banza ake auna 'yan dambe a raba su aji-aji ba. Girman jiki yana da nasa amfanin, musamman idan babban ma gwani ne.

Lokacin yaƙin basasa Tiger ya goyi bayan Biyafara, ya mayar wa Ingila lambar girmar da ta ba shi, kuma ya yi asarar dukiya mai yawa. Bayan ya daina dambe ya yi gadi a wani gidan tarihi a New York. Ciwon dajin hanta ya kama shi, ya dawo gida, ya rasu a Aba a watan Disamba na 1971 yana da shekara 42. Ya ci wasa 60, an ci shi 19, ya yi kunnen doki 3.

Muna kira ga manyan ɗalibai masu cin zalin ƙanana su tuna cewa Tiger bai yi suna da dukan na ƙasa da shi ba. Mu kuma masu ƙaramin jiki kada mu raina kanmu. Wanda yake son dambe ko kokawa ya je wurin malamin wasanni ya koya bisa ƙa'ida, ya bar faɗan bayan aji.