Madam C.J. Walker: Mai wankau da ta yi arziki da maganin gashi

Madam C.J. Walker na daga cikin mata baƙar fata na farko da suka yi arziki da guminsu a Amurka, kuma zubewar gashin kanta ce ta zama sanadin arzikin.

Ainihin sunanta Sarah Breedlove. An haife ta ranar 23 ga watan Disamba na shekarar 1867 a garin Delta da ke jihar Louisiana. Iyayenta bayi ne da aka 'yanta, kuma ita ce ta farko cikin 'ya'yansu da aka haifa ba a cikin bauta ba. Ta zama marainiya tana da shekara 7, ta yi aure tana da 14, mijin ya rasu tana da 20, ya bar ta da 'ya ɗaya.

Daga nan ta koma birnin St. Louis, inda 'yan uwanta maza ke sana'ar aski, ta kama wankau, tana samun kimanin dala ɗaya da rabi a rana.

A shekarun 1890 ne gashinta ya fara karyewa yana zubewa. Ba ita kaɗai ba ce. A wancan zamani galibin gidajen talakawa ba su da famfo, don haka mace kan daɗe ba ta wanke kai ba, in ma ta wanke da sabulu mai kaifi ne wanda ke busar da gashi. Amosani da ƙuraje sai su kama fatar kai, susa ta yi yawa, gashi ya riƙa tsinkewa tun kafin ya yi tsawo.

Sarah ta fara ne da tallar man gashin wata 'yar kasuwa, Annie Malone. A 1905 ta ƙaura zuwa Denver, shekara ɗaya bayan haka ta auri Charles Joseph Walker, ta ɗauki sunansa, ta kuma fito da nata man. Ta ce a mafarki aka nuna mata yadda ake haɗa shi. Malone kuwa ta zarge ta da kwaikwayon nata. Ko ma dai yaya ne, kayan haɗin ba baƙi ba ne ga masu magani na lokacin: basilin da man kwakwa da kakin zuma da kuma farar wuta, wadda aka daɗe ana maganin amosani da ita.

Fifikonta yana ga tsarin da ta koyar: a riƙa wanke kai akai-akai da sabulu mai laushi, a shafa man a murza fatar kai, a taje, sannan a bi da matajin ƙarfe mai zafi. Ba ita ta ƙirƙiro matajin ba, kamar yadda wasu ke zato, kuma a kansa ne aka fi sukarta, ana cewa tana sa mata miƙe gashi don su yi kama da Turawa. Ta sha musanta hakan, tana mai cewa lafiyar fatar kai da tsirowar gashi ne burinta.

A 1910 ta kafa masana'anta a Indianapolis. Ta horar da dubban mata masu bi gida-gida suna talla da gyaran kai, abin da ya fitar da da yawa daga aikatau da wankau. Ta kuma bai wa ƙungiyar NAACP dala 5,000 domin yaƙi da kisan gillar da ake yi wa baƙar fata.

Ta rasu ranar 25 ga watan Mayu na 1919 a gidanta da ke Irvington a jihar New York, sakamakon hawan jini da ciwon ƙoda, tana da shekara 51. 'Yarta A'Lelia ce ta gaje ta a shugabancin kamfanin.