Percy Bridgman: Malamin da Ya Niƙa Ƙarfe

A filinmu na tarihin mashahuran mutane, wannan makon mun kawo muku wani masanin kimiyyar fiziks ɗan Amurka, Percy Williams Bridgman, wanda aikinsa ya shafi alminiyam, wato ƙarfen da ake zuba tukwanen da muke kira na dalma a kasuwar Haɗejia.

An haife shi ranar 21 ga Afrilu, 1882, a garin Cambridge na jihar Massachusetts. Mahaifinsa ɗan jarida ne. Ya shiga Jami'ar Harvard a 1900, ya sami digirin digirgir a 1908, kuma a nan ya ci gaba da koyarwa har ya yi ritaya a 1954.

Tambayar da ta ɗauke masa hankali ita ce, me ke faruwa da abu idan aka matse shi matsewa mai tsanani? Kafin shi, masana ba su cika wuce matsin da ya ninka na iskar da ke kanmu sau 3,000 ba, domin na'urorinsu yoyo suke yi. Tun yana ɗalibi ya ƙirƙiro wani murfi wanda da zarar matsi ya ƙaru, shi ma sai ya ƙara kamewa. Da wannan dabara da waɗanda suka biyo baya ya kai ninki 100,000, har ya zarce. Yawancin kayan aikinsa da hannunsa yake haɗa su, don gwani ne a aikin ƙarfe da kafinta.

Abubuwan da ya gano suna da ban mamaki. Ya samar da sababbin nau'o'in ƙanƙara, wata ma ba ta narkewa ko a zafin tafasar ruwa muddin tana matse. A 1914 ya nuna cewa farin ƙwai yana daskarewa kamar dafaffe idan aka matse shi, ba tare da wuta ba.

A 1935 ya yi gwajin da ya fi shafar ƙarfe. Ya sa ɗan falle tsakanin maƙera biyu masu tauri, ya danne, sannan ya riƙa murɗa ɗaya, kamar yadda ake danna ɗan dutse a kan dutsen niƙa. Saboda tsananin matsi, fallen ba ya tsagewa, sai dai cikinsa ya niƙe.

Ga bayanin. Ƙarfe ba dunƙule ɗaya ba ne. Tarin ƙananan tsaba ne manne da juna, kowace da iyakarta. Idan ƙarfe zai lanƙwashe, zamewa ce ke tafiya a cikin tsabar har ta ci karo da iyaka. Ku duba gonar shinkafa a fadamarmu: in an yanka ta fangali-fangali, ruwa ba ya kwarara yadda ya ga dama. Haka nan, in tsabar ƙarfe ta ƙanƙance, iyakoki sun yawaita, zamewa ta yi wuya, ƙarfe ya ƙara ƙarfi. Masana biyu, Hall da Petch, sun tabbatar da wannan ƙa'ida a 1951 da 1953.

A 1946 aka ba Bridgman lambar yabo ta Nobel saboda bincikensa kan matsi. Amma ba duk abin da ya nema ya samu ba. Ya sha ƙoƙarin haɗa lu'ulu'u bai dace ba, sai a 1954 masana a kamfanin General Electric suka cimma hakan, bisa harsashin da ya kafa. Ya rasu ranar 20 ga Agusta, 1961, bayan ya yi fama da ciwon daji.

Gwajin murɗa kuwa sai a shekarun 1980 masana a Tarayyar Sobiyat suka farfaɗo da shi. A yau ana niƙa tsabar gaurayen alminiyam har ta gaza kashi ɗaya cikin dubu na milimita. Alminiyam ba shi da nauyi amma yana da laushi, don haka ƙara masa ƙarfi ba tare da ƙarin nauyi ba babbar riba ce ga masu ƙera mota da jirgin sama. Matsalar da ta rage ita ce, yawancin abin da ake iya niƙawa ta wannan hanya bai wuce faɗin kwabo ba. Wanda zai warware ta, wataƙila yanzu yana zaune a aji, yana ganin darasin aikin hannu kamar na waɗanda boko ya fi ƙarfinsu ne.