Will Eisner

William Erwin Eisner (6 ga Maris, 1917 – 3 ga Janairu, 2005), wanda aka fi sani da Will Eisner, mai zane ne, marubuci kuma ɗan kasuwa ɗan ƙasar Amurka. Yana cikin mutanen farko da suka kafa sana'ar littattafan komik, wato labaran da ake bayarwa ta hanyar jera zane bayan zane, a sa maganar mutanen cikin labarin a jikin zanen. Ya yi suna da labarin The Spirit, wanda ya riƙa fitowa a jaridu daga 1940 zuwa 1952, da kuma littafinsa A Contract with God na 1978, wanda ya buɗe ƙofar rubuta dogayen labaran zane domin manya. Da sunansa ake ba da kyautar Eisner, babbar kyautar masu wannan sana'a a Amurka. Ɗakunan karatu na jama'a da makarantu kuma suna bikin Makon Will Eisner a farkon watan Maris na kowace shekara.

Farkon rayuwa da karatu

An haifi Eisner a unguwar Brooklyn ta birnin New York. Iyayensa Yahudawa ne 'yan ci-rani. Mahaifinsa, Samuel Eisner, haifaffen garin Kolomyia ne, wanda a wancan lokacin yake ƙarƙashin daular Austriya da Hangare, yanzu kuma yana cikin Yukren. Mai fenti ne, ya yi aiki a birnin Biyana kafin ya ƙaura zuwa Amurka, inda ya riƙa zana labulen bayan dandamali a gidajen wasan kwaikwayo. Mahaifiyarsa, Fannie Ingber, an haife ta ne a cikin jirgin ruwa a kan hanyar zuwa Amurka. Gidan ya yi fama da talauci. Uban yana ƙarfafa wa yaron gwiwa a kan zane, uwar kuma tana tsoron kada ya kama sana'ar da ba ta ciyar da gida, kamar yadda ta gani a wurin mijinta.

Lokacin da tattalin arzikin Amurka ya durƙushe bayan 1929, Eisner ya shiga tallar jarida yana ɗan shekara 13 domin ya taimaka wa gida. A cikin jaridun da yake sayarwa ne ya riƙa karanta labaran zane na kullum. Ya yi sakandare a makarantar DeWitt Clinton da ke Bronx, inda ya haɗu da Bob Kane, wanda daga baya ya shahara da Batman. Ya kuma yi shekara guda yana koyon zanen jikin ɗan Adam a hannun George Bridgman a makarantar Art Students League.

Kamfanin Eisner da Iger

A 1936 Eisner ya sayar da zanensa ga wata mujalla mai suna Wow, What a Magazine!, wadda Jerry Iger yake wa edita. Mujallar ta mutu bayan fitowa 4 kacal. A lokacin, yawancin littattafan komik tsofaffin zanen jaridu suke tattarawa su sake bugawa, kuma tsofaffin sun kusa ƙarewa. Eisner da Iger suka ga kasuwa a nan, suka buɗe ɗakin zane da ke haɗa cikakken littafi ya sayar wa kamfanonin ɗab'i. Sun raba aikin kashi-kashi: wani ya rubuta labari, wani ya zana da fensir, wani ya bi da tawada, wani ya rubuta maganganu. Cikin waɗanda suka yi aiki a wurin akwai Jack Kirby, Lou Fine da Bob Powell. Daga nan ne labarai irin su Sheena da Doll Man da Hawks of the Seas suka fito.

A 1939 Eisner ya zana wa wani mai kamfanin ɗab'i, Victor Fox, jarumi mai suna Wonder Man. Kamfanin da ke buga Superman ya kai ƙara cewa kwaikwayo ne, kuma ya yi nasara. Shekaru da dama Eisner yana faɗa cewa a kotu ya fito fili ya ce Fox ne ya sa shi yin kwaikwayon. A 2010 wani mai bincike, Ken Quattro, ya fito da rubutaccen bayanin shari'ar, wanda ya nuna cewa shaidar da Eisner ya bayar ta goyi bayan Fox ne.

The Spirit

A ƙarshen 1939 Everett Arnold na kamfanin Quality Comics ya zo masa da shawarar yin ƙaramin littafin komik da za a riƙa sakawa a cikin jaridun ranar Lahadi. Eisner ya sayar wa Iger kasonsa a kan dala 20,000 ya karɓi aikin. Abin da ya ja hankalinsa shi ne manya ne ke karanta jarida, littattafan komik na kan titi kuwa yara ake yi wa. Ya kuma cimma yarjejeniyar da ta bar masa haƙƙin mallakar labarin, abin da kusan babu mai zanen da ya samu a wancan zamanin. Jerry Siegel da Joe Shuster, alal misali, sun sayar da haƙƙin Superman a kan dala 130 a 1938.

The Spirit ya fara fitowa ranar 2 ga Yuni, 1940, a cikin ɗan littafi mai shafi 16. A lokacin da ya fi tashe, jaridu kusan 20 ne ke ɗauke da shi, waɗanda a haɗe suke buga kofi har miliyan 5. Jarumin labarin, Denny Colt, mai binciken laifi ne da aka zaci ya mutu har aka binne shi a maƙabartar Wildwood. Da ya farfaɗo sai ya bar duniya a kan zatonta, ya ci gaba da farautar masu laifi da sanin kwamishinan 'yan sanda Dolan. Ba shi da wani ƙarfi na ban mamaki. Kwat da malfa yake sawa, da ɗan abin rufe ido, kuma sau da yawa yakan sha duka.

Masu nazari sun fi yaba yadda Eisner ya sarrafa shafi. A kowane mako yakan saƙa sunan labarin a cikin zanen shafin farko, wani lokaci a siffar gini, wani lokaci a siffar takardun da iska ta kwasa. Ya ɗauko amfani da inuwa da haske da kusurwar kallo daga fim da wasan kwaikwayo. Sau da yawa jarumin yakan koma gefe, labarin ya tsaya a kan wani talaka na birni. Misalin da aka fi ambata shi ne labarin Gerhard Shnobble na 1948, wani bawan Allah da ya iya tashi sama, harsashi ya same shi bisa kuskure ya faɗo, ba wanda ya ma lura ya tashi.

An soki labarin a kan Ebony White, yaro baƙar fata mai taimaka wa jarumin, wanda aka zana da manyan leɓɓa da gurɓatacciyar magana irin yadda ake yi wa baƙaƙen Amurka ba'a a lokacin. Eisner ya taɓo batun a gabatarwar littafinsa Fagin the Jew na 2003, inda ya yarda cewa zanen ya bi irin wannan mummunar siffantawa, alhali shi kansa ya sha wariya a matsayinsa na Bayahude. Labarin ya daina fitowa ranar 5 ga Oktoba, 1952.

Aikin soja da zanen koyarwa

An ɗauki Eisner soja a 1942, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. A cikin soja ya kawo shawarar a riƙa koya wa sojoji kula da motoci da makamai ta hanyar zane, domin littattafan umarni na lokacin suna da wuyar karantawa. Ya ƙirƙiro Joe Dope, wani shashashan soja da ke yin komai a baibai, mai karatu ya ga abin da sakaci ke jawowa. Wasu masu zane, ciki har da Lou Fine da Jack Cole, suka riƙe The Spirit har ya dawo a 1945.

A 1948 ya kafa kamfanin American Visuals, mai yi wa hukumomi da kamfanoni littattafan wayar da kai. Daga 1951 zuwa 1971 shi ne ke shirya wa rundunar sojan Amurka mujallar PS ta wata-wata a kan kula da kayan aiki. Aikin ya kai shi sansanonin soja a Koriya da Biyetnam. A cikin waɗannan shekarun ne sana'ar komik ta shiga tsaka mai wuya. A 1954 likitan ƙwaƙwalwa Fredric Wertham ya wallafa littafi yana zargin komik da lalata tarbiyyar yara, majalisar dattawan Amurka ta yi zaman jin bahasi, kamfanoni kuma suka kafa hukumar tace kansu. Daga nan malamai da ma'aikatan laburare da yawa suka daɗe suna kallon komik a matsayin abin da bai cancanci shiga kanta ba.

A Contract with God da dogayen labarai

A 1971 Eisner ya halarci taron masu sha'awar komik a New York, inda ya haɗu da Denis Kitchen da sauran matasa masu buga nasu littattafan da kansu domin manya. Kamfanin Kitchen da na Warren suka sake buga The Spirit a shekarun 1970, sabbin masu karatu suka san shi. Da yake haƙƙin mallaka na hannunsa, shi ya ci moriyar wannan farfaɗowa.

A Oktoba 1978, yana da shekara 61, kamfanin Baronet ya buga masa A Contract with God. Labarai 4 ne da ke faruwa a wani gidan haya mai cunkoso a kan ƙagaggen titin Dropsie a Bronx, a shekarun 1930. Na farko labarin Frimme Hersh ne, Bayahude mai ibada wanda tun yana yaro ya rubuta alkawari tsakaninsa da Ubangiji a jikin dutse. Da 'yar da yake riƙo ta mutu, sai imaninsa ya girgiza, ya zama mai gidajen haya marar tausayi. Tushen labarin yana cikin rayuwar Eisner: 'yarsa Alice ta mutu da sankarar jini a 1970 tana da shekara 16, kuma ya yi shekaru masu yawa bai bayyana wa jama'a wannan alaƙa ba.

An tallata littafin da sunan graphic novel, wato dogon ƙagaggen labari mai zane. Ba Eisner ne ya ƙirƙiro kalmar ba, domin Richard Kyle ya yi amfani da ita tun 1964, sai dai littafinsa ya taimaka ƙwarai wajen yaɗa ta. Da farko cinikin bai taka kara ya karya ba. Eisner ya sha ba da labarin yadda wani kantin littattafai ya rasa inda zai ajiye shi, aka kai shi sashen addini, aka mayar da shi sashen barkwanci, duk bai dace ba.

Ya ci gaba da fitar da littattafai har ƙarshen rayuwarsa, ciki har da The Dreamer (1986), A Life Force (1988), To the Heart of the Storm (1991), Dropsie Avenue (1995) da Last Day in Vietnam (2000). A farkon shekarun 2000 ya zana Sundiata: A Legend of Africa, a kan Sunjata Keita wanda ya kafa daular Mali a ƙarni na 13. Daga 1973 ya koyar a makarantar School of Visual Arts ta New York, kuma daga darussansa ne ya haɗa Comics and Sequential Art (1985), littafin da ya bayyana komik a matsayin hanyar sadarwa mai nata ƙa'idojin, kamar yadda harshe yake da nahawu.

Iyali da mutuwa

Eisner ya auri Ann Weingarten a 1950, suka haifi 'ya'ya biyu, John da Alice. Ya mutu ranar 3 ga Janairu, 2005, a Lauderdale Lakes ta jihar Florida, bayan tiyatar zuciya da aka yi masa a watan Disamba. Yana da shekara 87. Littafinsa na ƙarshe, The Plot, a kan tarihin wata takardar jabu da aka yi amfani da ita wajen cusa ƙiyayyar Yahudawa, ya fito bayan mutuwarsa a wannan shekarar.

Karramawa da ɗakunan karatu

A 1975 ya karɓi babbar kyautar bikin komik na garin Angoulême a Faransa, a 1998 kuma kyautar Reuben. An fara ba da kyautar Eisner a 1988. A taron komik na San Diego ake raba ta, kuma har zuwa 2004 shi da kansa yake tsayawa a kan dandamali yana taya waɗanda suka ci murna. Takardunsa suna ajiye a laburaren zane na Billy Ireland da ke Jami'ar Jihar Ohio.

Babban burin Eisner shi ne a karɓi komik a matsayin adabi, a ajiye shi tare da sauran littattafai. Ya ga farkon cikar wannan buri. A 1992 littafin Maus na Art Spiegelman ya sami kyautar Pulitzer ta musamman, a 2002 kuma sashen matasa na Ƙungiyar Ɗakunan Karatu ta Amurka ya keɓe makon karatunsa ga labaran zane. Tun 2009 ake yin Makon Will Eisner daga 1 zuwa 7 ga Maris, daidai da zagayowar ranar haihuwarsa. A cikin makon, ɗakunan karatu sukan baje littattafan zane, su gayyaci masu zane su yi lacca, su nuna fim a kan rayuwarsa, su koya wa yara yadda ake tsara labari a shafi. Daga 2014 gidauniyar iyalinsa, tare da ƙungiyar ɗakunan karatun, ta fara ba da tallafi iri biyu a kowace shekara: ɗaya ga laburaren da ke son faɗaɗa abin da yake da shi na littattafan zane, ɗaya kuma ga wanda zai fara sabon shiri. Waɗanda suka ci tallafin sukan sami kuɗin sayen littattafai da gudanar da taruka, haɗe da tarin littattafan Eisner.