Ladi Kwali: Maginiyar da ta kai randar Gwari Turai daga Suleja

Duk wanda ya juya takardar naira 20 zai ga wata mata tana gina tukunya. Wannan ita ce Ladi Kwali, wadda aka haifa wajen shekarar 1925 a garin Kwali na ƙasar Gwari, inda ginin tukwane sana'ar mata ce tun kaka da kakanni. A hannun wata 'yar'uwar iyayenta ta koyi aikin tun tana ƙarama: a murza yumɓu kamar igiya, a ɗora zobe bisa zobe, maginiya tana zagaya tukunyar har ta tashi.

Randar da ta fara ginawa ta ajiye ruwan sha ce, kuma sirrinta yana cikin naso. Yumɓun da aka toya a fili da itace da ciyawa ba ya haɗewa gaba ɗaya, yakan bar ƙananan kafofi da ido ba ya gani. Ta nan ruwa ke tsattsafowa zuwa bayan randa, iska ta kwashe shi ya zama tururi, tururin kuma ya tafi da zafi, ruwan ciki ya yi sanyi. Haka jikin ɗan Adam yake yi. Idan zafi ya tsananta, gumi ya fito ta kafofin fata, bushewarsa ce ke sanyaya jini. Ganye ma yana da irin waɗannan kafofi, ta cikinsu yake fitar da ruwa, yake kuma musayar iska. Shi ya sa randa ta fi sanyi lokacin hunturu da bazara, sa'ad da iska take a bushe, fiye da tsakiyar damina.

Kyawun randunan Ladi ya sa Sarkin Abuja, Alhaji Sulaimanu Barau, ya tara wasu a fadarsa. Abujar wancan zamani ita ce Suleja ta yau, wadda ta bar wa sabon babban birnin tarayya sunanta. A fadar ne Michael Cardew, Baturen Ingila da gwamnatin mulkin mallaka ta ɗauka jami'in tukwane, ya gan su a 1950. Ya kafa cibiyar koyar da ginin tukwane a garin, kuma a 1954 Ladi ta zama mace ta farko da ta shiga.

A can ta koyi juya yumɓu a kan na'ura, amma ba ta bar ginin hannu ba. Ta ci gaba da tayar da manyan randuna, tana zana musu kunama, ƙadangare, kada, hawainiya, maciji, tsuntsu da kifi. Abin da ya canza shi ne yumɓun da wutar. Ana shafa wa randar wani ruwa mai zama kamar gilashi, a gasa ta a rufaffen murhu da zafin da ya haura digiri 1,200. Kafofin nan duk sai su toshe. Randa ta ƙara ƙarfi da ƙyalli, ta yi nauyi, ta yi tsada, amma ta daina naso, saboda haka ta daina sanyaya ruwa. A gaskiya, randar da ta ɗaukaka sunan Ladi a duniya ba ta da amfani ga matar ƙauyen da aka gaji siffarta daga wurinta. Ta koma kayan ado a ɗakunan masu hali.

An baje kolin aikinta a Landan a 1958, 1959 da 1962. Ta zagaya Ingila, Faransa da Jamus tana gini a gaban jama'a, sannan ta je Amurka tare da Cardew a 1972. Sarauniyar Ingila ta ba ta lambar MBE, Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba ta digirin girmamawa na dakta a 1977, duk da ba ta yi karatun boko ba, gwamnatin tarayya kuma ta ba ta lambar NNOM a 1980 da OON a 1981.

Ta rasu a Minna ranar 12 ga Agusta, 1984. Cibiyar Suleja, inda wasu matan Gwari suka bi sawunta suka koyi aiki, ana kiranta da sunanta.