Johann Sebastian Bach: Marayan da Ya Bauta wa Allah da Kiɗa

An haifi Johann Sebastian Bach a shekara ta 1685 a garin Eisenach na ƙasar Jamus, garin da Martin Luther ya yi makaranta yana yaro. Kiɗa gadon gidansu ne tun kaka da kakanni. Kafin ya cika shekara goma uwa da uba duka sun rasu, sai wansa Johann Christoph, mai kaɗa ogan a majami'ar Ohrdruf, ya ɗauke shi ya rene shi, ya kuma koya masa sana'ar.

Yana da shekara 18 ya sami aikin kaɗa ogan a Arnstadt. Ƙishin koyo ya sa a 1705 ya taka da ƙafa wajen kilomita 400 zuwa Lübeck domin ya saurari tsohon gwani Buxtehude. Izinin mako huɗu aka ba shi, amma sai da ya yi kusan wata huɗu, dattawan ikkilisiya kuwa suka tsauta masa da ya komo. Mutum ne mai taurin kai. A 1717 sarkin Weimar ya tsare shi kusan wata guda domin ya nace sai an sallame shi ya koma aiki a fadar Köthen.

Gidansa ya sha makoki. A 1720 ya dawo daga tafiya ya tarar matarsa Maria Barbara ta rasu har an binne ta. A shekara mai biye ya auri Anna Magdalena, mawaƙiya, wadda ta riƙa taya shi kwafe ayyukansa da hannu. Allah ya ba shi 'ya'ya ashirin, amma goma kaɗai suka girma.

A 1723 aka naɗa shi shugaban mawaƙa na majami'ar Toma da ke Leipzig, bayan da majalisar gari ta nemi waɗansu mutum biyu ba ta same su ba. Nan ya yi shekara 27 yana koyar da yara, yana shirya waƙoƙin sujada bisa ga nassin da za a karanta kowace Lahadi. Kimanin 200 daga cikinsu sun tsira har yau. A 1727 ya fito da babban aikinsa a kan shan wahalar Almasihu bisa ga Linjilar Matiyu, wanda reransa kan ci kusan awa uku. A ƙarshen ayyukansa da yawa yakan sa haruffa uku, S.D.G., alamar cewa ɗaukaka ta Allah ce shi kaɗai. Littafinsa Mai Tsarki, wanda yanzu yake ajiye a Amurka, yana ɗauke da rubutun hannunsa a gefen 1 Tarihi 25, inda Dawuda ya keɓe mawaƙa domin hidimar Ubangiji.

A ƙarshen rayuwarsa idanunsa suka dushe. Wani likita ɗan Ingila ya yi masa aiki sau biyu, ba a dace ba. Ya rasu ranar 28 ga Yuli 1750 yana da shekara 65. Matarsa ta mutu cikin talauci bayan shekara goma, waƙoƙinsa na sujada kuma suka kwanta a akwati, sai a 1829 Felix Mendelssohn, saurayi ɗan shekara 20, ya sake rera aikin Matiyu a Berlin, duniya ta farga.

Iyalin da ke son jin muryar wannan bawan Allah suna iya farawa da faifai uku. Na farko shi ne aikin Matiyu wanda Karl Richter ya ɗauka a 1958, mai nauyi da natsuwa, ya dace da makon Ista. Na biyu, kiɗe-kiɗe shida na babban gogen nan da ake kira celo, waɗanda Pablo Casals ya ɗauka tsakanin 1936 da 1939. Na uku, kiɗan Goldberg da Glenn Gould ya kaɗa a fiyano a 1955, mai zafin hannu da yara ma za su so.

Bach bai ga shaharar da ta biyo bayansa ba. Aikin kowace Lahadi ya riƙe da aminci. Wannan abin tunani ne ga kowane mai koyar da mawaƙa a ƙaramar majami'a, wanda ke gaji da gwaji babu mai yabo.